Raɗa Cikin Murmushi

Shafi na 27

Na ga saƙonninku tun safe, har wayata ta yi zafi. Masu cewa Kaltume ta cika baƙar zuciya na ji ku. Masu cewa in ba ta durƙusa ta ba da haƙuri ba sun daina karantawa, ku ma na ji ku. Ni dai ban ce komai ba. Ku gyara zama, ga mu a gidan mai unguwa.

*

Kafin a idar da sallar la'asar tsakar gidan Malam Uwaisu mai unguwa ta cika.

Matan islamiyyar matan aure sun jeru a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiya. Maza suna daga bakin zaure, wasu a zaune, wasu a tsaye.

Kaltume na gefe guda, ita kaɗai.

Ba wanda ya ce kada a zauna kusa da ita. Kowace ta shigo dai sai ta kalle ta, ta ja hijabi, ta nemi wuri can gaba.

Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, hannunta duk kanta saboda fartanya. Tun rasuwar mijinta Iliyasu ita ke noma abin da za ta ci da yaranta. Ga ta da irin fuskar nan da ko daɗi take ji sai ka rantse faɗa take nema. Haka Allah ya yi ta.

A tsakiyar mata kuwa Hajiya Sauda ce, matar Alhaji Ja'afaru, kanta a sunkuye, leɓenta na ƙasa a kumbure. Wata na mata fifita, wata na riƙe da hannunta.

Sama'ilu, ƙanin marigayi Iliyasu, ya lallaɓo ya tsuguna bayan Kaltume.

"Yaya Kaltume," ya ce ƙasa-ƙasa, "don Allah in an ce ki ba da haƙuri ki bayar."

Ba ta waiwayo ba.

"Kin san gonar da kike nomawa ta Alhaji ce, aro ce. Ga hadari ya fara haɗuwa. In ya karɓe, a ina za ki shuka? Garin nan ko inda za a ɗaure jaki babu wanda ba shi da mai shi."

"Na sani, Sama'ilu."

"To ki saki fuskar nan ko yaya ne."

"Wace zan sa? Kana da wata a aljihu?"

Ya tashi ya koma cikin maza.

Mai unguwa ya yi gyaran murya, aka yi salati, wuri ya yi tsit.

"Jama'a, kowa ya san abin da ya tara mu. Shekaranjiya da aka tashi daga islamiyya, Kaltume ta ture Hajiya Sauda, ta faɗi a kan benci, bakinta ya fashe. A gaban mata aka yi. Alhaji ya so ya kai maganar gaba, na roƙe shi ya bari mu kashe ta a gida. Wa ya fi kusa da su lokacin?"

Aka nuna Hure.

Hure mai ƙuli-ƙuli ce. Ba ta ɓangaren kowa, kuma duk garin an san ba ta ƙara wa magana gishiri.

"Faɗi abin da kika gani," in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ina neman takalmina ne a bakin ƙofa. Sai na ga Hajiya ta taso da fara'arta, ta nufi Kaltume. Ta kama hannunta, ta gyara mata wuyan hijabi, ta sunkuya wajen kunnenta tana murmushi. Na ɗauka jikin 'yarta Maryam take tambaya, tunda yarinyar ba ta da lafiya."

"Ita Kaltume fa?"

"Ta ɗaure fuska, ko kallonta ba ta yi ba. Ban ankara ba sai na ga Hajiya a ƙasa."

"Kin ji Hajiya ta zage ta?"

"Ban ji ba."

"Kin ga ta harare ta, ko ta nuna ta da yatsa?"

"Ban gani ba. Murmushi kawai na gani."

Mata suka hau gyaɗa kai.

"Haka aka yi wallahi."

"Mu ma haka muka gani."

"Baiwar Allah ta je gaisuwa ta samo duka."

Mai unguwa ya juya. "Hajiya, kina da magana?"

Sauda ta ɗago a hankali, idonta taf da ƙwalla. Muryarta kamar ta mai jinya.

"Baba, ni ba ni da ta cewa. Na san halin da take ciki, ga marayu, ga tsadar nan da ta sa kowa a gaba. Wataƙila zuciya ce ta ɗebe ta. Ni na yafe mata duniya da lahira."

"Allah sarki!"

"Kai, Hajiya akwai haƙuri."

Kaltume na jin su. Ta san ko me ta yi da fuskarta a wannan wurin laifi ne. In ta yi kuka a ce na munafunci ne. In ta sunkuyar da kai a ce kunyar abin da ta aikata ce. In ta ɗaga kai a ce ga fitsarar nan.

Sai ta ɗaga.

"Kaltume," in ji mai unguwa, "kin ji. An yafe miki tun kafin ki roƙa. Taso ki durƙusa gabanta ki ba ta haƙuri, mu yi addu'a kowa ya kama gabansa."

Ta miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, na ture ta. Ban musa ba."

"To madalla. Ba ta haƙuri."

"Ba zan bayar ba."

Wuri ya kaure. Alhaji Ja'afaru, da ke kan kujera gefen mai unguwa, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ka ji ko, Malam? Ka ji abin da nake gaya maka?"

"Kaltume!" Sama'ilu ya kira daga bakin zaure.

Mai unguwa ya ɗaga hannu har aka yi shiru.

"'Yar nan, a gidana kike. Shaidu sun yi magana."

"Sun faɗi abin da idonsu ya gani, ranka ya daɗe, kuma ba su yi ƙarya ba. Alfarma ɗaya nake nema. A bar ni in yi wa Hure abin da aka yi min, a gaban kowa. In na gama kuka ce in durƙusa, zan durƙusa."

"Kar ta dake ni dai," in ji Hure, tana ja da baya.

"Ko ƙuda ba zan kore miki da ƙarfi ba."

Mai unguwa ya dubi Hure. Sannan ya ce, "Yi mu gani."

Kaltume ta tako tsakiyar fili.

Sai ta yi murmushi.

Wallahi sai da wasu matan suka dafe ƙirji. Akwai waɗanda tun da aka kawo ta garin amarya ba su taɓa ganin haƙoranta ba. Ashe har wushirya gare ta.

Ta nufi Hure da fara'a kamar ta ga 'yar uwar da suka daɗe ba su haɗu ba. Ta kama hannunta na dama. Ta sa ɗaya hannun ta gyara mata wuyan hijabi, ta kakkaɓe mata ƙura a kafaɗa. Wata daga baya ta yi 'yar dariya. Hure ma ta saki jiki, ta fara murmushi.

Kaltume ta sunkuya wajen kunnenta.

Leɓenta ya motsa.

Murmushin bai bar fuskarta ba.

"A'uzubillahi!"

Hure ta hankaɗa ta da hannu biyu, da iya ƙarfinta. Duk girman Kaltume sai da ta yi taga-taga ta dafa jikin darbejiya.

Hure na tsaye tana haki.

"Ke wace irin mutum ce? 'Yata? 'Yata za ki faɗa wa haka?"

Kaltume ta gyara tsayuwa. Fuskar nan ta koma yadda aka san ta.

Ta juya wajen mata.

"Wa ya ture wani?"

Matan suka kalli juna.

"Inna Fadima, ke ce babba a nan, kuma idonki ras yake. Wa ya ture wani?"

Tsohuwar ta motsa a kan tabarma. "Hure ce ta ture ki."

"Me na yi mata?"

"Ba ki yi mata komai ba. Kin dai..." Ta tsaya.

"Na dai me, Inna?"

"Kin yi mata murmushi."

"Kin ji na zage ta?"

"Ban ji ba."

"Kin ga na harare ta?"

Inna Fadima ta juya a hankali ta kalli Sauda. Matar da ke wa Sauda fifita ma hannunta ya tsaya.

"To sai a ce Hure ta durƙusa ta ba ni haƙuri," in ji Kaltume. "Kowa ya ga abin da ta yi min."

Mai unguwa ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Hure, me ta ce miki?"

"Ranka ya daɗe, bakina ba zai iya maimaitawa ba."

"Ki yi haƙuri, Hure," in ji Kaltume. "Allah ya raya miki Huseina. Sunanta kawai na sa a inda aka sa na Maryam. Ke sau ɗaya kika ji. Ni tun kaka nake jin irinsa. Kuma ke ban sa miki farce ba."

Ta janye hannun rigarta ta ɗaga tsintsiyar hannunta sama. Tabo ne ƙanana a jere, wasu sun yi baƙi, biyu ba su gama warkewa ba.

"In ta kama hannuna a gabanku, ku kuna ganin gaisuwa. Ni ga abin da nake komawa gida da shi."

"Ƙaya ce ta gona!" in ji wata daga cikin ƙawayen Sauda. "Mai noma ai ba ta rasa tabo."

"Wace gona ake nomawa da rani?" Hure ta watsa mata.

Mai unguwa ya ce, "Ni maganar nake so in ji. Kaltume, faɗe ta."

Sama'ilu ya shigo tsakar gidan da sauri, ya manta da mata.

"Yaya, don girman Allah ki rufa mana asiri. Kar ki faɗa."

"Wane asiri, Sama'ilu? Wanda ya kumbura wa Maryam ƙafafu? Shi na yi ta rufewa, ita kuma da shi take yanka ni."

Ta juya ta fuskanci jama'a. Ba ta rage murya ba, har na waje suna ji.

"Dusa muke ci a gidana."

Ba wanda ya motsa.

"Ku ji da kyau, kar wani ya ba ku labari. Ruwa ya ɗauke da wuri bara, ɗan geron da na samu bai kai mu azumi ba. Tun daga nan dusa nake tankaɗewa in tuƙa wa yarana da miyar kuka. Ni Kaltume matar Iliyasu. Ban yi sata ba, ban shiga gidan kowa roƙo ba. Abin da ake zuba wa awaki shi na ba 'ya'yana, har tamowa ta kama ƙaramar."

Sama'ilu ya tsuguna a inda yake ya rufe fuska da hula.

Mata da yawa suka sunkuyar da kai. Bana kowa ya san abin da ke cikin tukunyarsa, ba wanda yake so a leƙa.

"In na shigo aji, Hajiya sai ta kalle ni ta dinga juya muƙamuƙi, irin yadda akuya ke tuƙa. In ta kama hannuna sai ta ce, yaya garken naki, an ba su ruwa? Na haɗiye. Wata rana ta ce in kawo su gidanta su kwana da 'yan uwansu a turke. Na haɗiye. Shekaranjiya na baro Maryam a kwance ko kuka ba ta iya yi. Ta zo da murmushinta ta ce min..."

Ba ta bari hawaye ya zubo ba.

"Ta ce, na ji 'yar akuyarki ta kusa. Ki yi sauri ki sa mata wuƙa kar ta yi mushe."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Salati ya tashi ta ko'ina. Inna Fadima ta toshe kunnuwa.

"Na ture ta," in ji Kaltume. "Da za ta sake faɗa yau, yau ma sai na ture ta."

Sai kukan Sauda ya tashi. Ba da ƙarfi ba, irin siririn kukan nan mai shiga rai.

"Ni? Ni zan faɗi haka a kan yarinya marar lafiya? Baba, ka san ni tun ina ƙarama. Jama'a, kun taɓa jin na ɗaga wa wani murya a garin nan?"

Ta buɗe tafukan hannunta, ta juya su ga mata.

"Ku dube ni. Ku dube ta. Don Allah a cikinmu wa ya yi kama da mai faɗin wannan magana?"

Aka dube ta. Aka dubi Kaltume.

'Yar mace fara mai sanyin murya, leɓe a fashe, hawaye shar. Ga kuma ƙatuwa a tsaye, ido jajir, jijiyar wuya a miƙe.

Kaltume na gani da idonta yadda wasu suka fara komawa ɓangaren Sauda. Mai fifita ta ci gaba da fifita.

"Gaskiya da wuya," wata ta ce a hankali.

"Magana ce ta mutum biyu," in ji mai unguwa, cikin nauyin baki. "Ba wanda ya ji sai ku. Ita ta ce, ke kin ce."

"Ranka ya daɗe," in ji Hure.

"Na'am?"

"Raɗar ban ji ba. Amma juya bakin nan na sha gani."

Sauda ta ɗago da sauri.

"Kusa da Hajiya nake zama a aji. Duk ranar da Kaltume ta shigo sai na ga bakin Hajiya na motsi, ƙawayenta su Hajiya Ladidi suna ƙunshe dariya a hijabi. Na zaci goro take ci. Har na taɓa cewa a raina, mace da goro a gaban malamin aji? Ranar nan da azumi ma na gani, na ce to ko ba ta yi ne. Ashe..."

"Ƙarya kike yi, Hure!"

Muryar da ta fito ba wadda aka sani ba ce. Kaifi gare ta kamar an ja ƙarfe a dutse. Sauda da kanta ta ji, ta yi maza ta sassauta.

"Ina nufin... ba ki gani daidai ba, 'yar uwa."

Amma an riga an ji.

Alhaji Ja'afaru ya miƙe. Babban mutum ne, ba a saba ganin ya yi fushi a gaban mata ba, amma yau gemunsa har rawa yake.

"Malam, ya isa! An tara mutane a ci mutuncin iyalina. Matar nan ƙarya take tun daga tushe, kuma zan nuna muku. Ta ce dusa take ci? Da kaka, da na fitar da zakkar hatsina, buhun gero guda na ware da sunan marayun Iliyasu. Ni na auna da hannuna. Iliyasu abokina ne tun muna kiwo. Na ba Sauda na ce ta kira ta ta ba ta. An yi haka ko ba a yi ba?"

"An yi!" mata suka amsa.

"Muna wurin. Hajiya har rungume ta ta yi."

"Da hannunta ta taya a ɗora a kan jaki."

"To kun ji," in ji Alhaji. "Buhu guda, ita da yara uku. In ta sayar ta yi wata hidimar, wannan ruwanta. Amma ba za ta ci alherina ta fasa wa matata baki, sannan ta zo ta ƙulla mata sharri ba. Kaltume, daga yau ki cire ƙafarki daga gonata. Ga Basiru nan ya daɗe yana nema, ni nake hanawa saboda marigayi. Yau na ba shi."

Basiru ƙanin Sauda ne, mai sarin hatsi yana kaiwa kasuwar Ɗambatta. Yana jingine a bakin zaure da makullin babur a hannu. Ya sunkuyar da kai kamar abin bai yi masa daɗi ba.

"Alhaji, a yi haƙuri," in ji Sama'ilu, ya rarrafo. "A dubi marayu..."

"Tashi, Sama'ilu," in ji Kaltume. "Kar ka durƙusa a madadina."

Ta dubi Alhaji ido cikin ido.

"Gonarka ce, Alhaji. Ka ara min, na gode, Allah ya saka. Ka karɓi abarka. Zan yi ƙwadago a gonar wasu, hannuna bai mutu ba. Amma tunda ka tayar da maganar buhu, sai ka tsaya ka ji ƙarshenta."

"Me ya rage?"

"Baba mai unguwa, ba wanda ya tambaye ni abu ɗaya. Ni ba na shiga gidan kowa, ba mai shiga nawa. Sama'ilu kaɗai ya san abin da muke ci, shi ma ganin tukunya ya yi. To ta yaya Hajiya ta sani? Kuma ta yaya ta fara min tuƙa tun da kaka, lokacin ina da gerona a rumbu, ban taɓa sa dusa a baki ba?"

Mai unguwa ya gyara zama.

"Ni kaina ban gane ba a lokacin," in ji Kaltume. "Na ɗauka wani sabon wulaƙanci ne kawai. Buhun nan da aka ba ni ban kwance shi ba. Na kai ƙuryar ɗaki na ɗora a kan duwatsu, na ce wannan na ranar wuya ne. Duk sanda yara suka ce Inna abinci ya kusa ƙarewa, sai in nuna musu shi in ce ga na Alhaji nan, ba za mu kwana da yunwa ba. Ranar da na share rumbu tas, na yi bisimilla na kwance."

Ta nuna tsawon tafin hannunta.

"Gero iya nan, a sama. Na zura hannu sai na ji laushi. Daga nan har gindin buhu dusa ce. An danna ta, an haɗa da yashi a ƙasa don ta yi nauyi."

Sandar Alhaji ta faɗi daga hannunsa. Ba wanda ya ɗauka.

"Kun ga an rungume ni," ta ce da matan. "Kun ga an ɗora min buhu. Akwai wadda ta ga cikinsa?"

"Me ya hana ki zuwa ki gaya min?" Muryar Alhaji ta dushe.

"In zo da wannan fuskar in ce Hajiya Sauda ta cuce ni? Yanzu a gabanka aka ce a dube ni a dube ta. Da ka yarda?"

Alhaji ya kawar da kai.

"Buhun na ɗakina, da sunanka a jiki da jan fenti. Yashin ma ban zubar ba. A aika a ɗauko."

"Ita ta zuba!" in ji Sauda. Ta miƙe tsaye, hijabinta ya zame. "Ta cinye geron ta zuba dusa don ta ɓata ni! Wa zai shaide ta? Wa ya gani?"

"Ni."

Daga can ƙarshen tabarma muryar ta fito, ƙasa-ƙasa.

Mairo ce, wadda mijinta ya rasu a hatsarin mota shekara biyu da suka wuce. Mace ce da ko a aji ba a jin bakinta. Tun da aka zauna ba ta ɗago kai ba, yanzu ma ba ta ɗago ba.

"Ban ga nata ba," ta ce. "Amma ni ma an ba ni buhu ranar. Ni ma an rungume ni."

"Mairo," in ji mai unguwa, "me kika samu a ciki?"

Ta fashe da kuka.

"Na zaci haka Alhaji ya ga dama ya bayar. Na ce wanda aka ba kyauta ba ya raina. Kunya ta hana ni gaya wa kowa."

Alhaji Ja'afaru ya dafa kujera ya zauna a hankali.

"Gida biyar na ware wa," ya ce, ba da kowa yake ba. "Haƙƙin Allah ne. Ba nawa ba ne ma."

Kaltume ta juya ga matan da suka cika tabarmi. Ba ta yi ihu ba.

"Kun gama kallon tawa fuskar. To ga ta Hajiya Sauda nan, ku kalla."

Suka kalla.

Babu hawaye. Babu murmushi. Hanci a buɗe, haƙora a cije, idon nan a kan Mairo kamar za ta haɗiye ta. Matar da ke riƙe da mafici ta ja jiki ta matsa.

Alhaji ya ɗago.

"Sauda."

Ta yi ƙoƙarin maido da murmushin. Leɓen ya ja gefe ɗaya ya tsaya.

"Sauda, ina geron marayu?"

Idonta ya kuɓuce mata, ya tafi bakin zaure.

Gaba ɗaya tsakar gidan aka juya aka bi inda ta kalla.

Inda Basiru yake jingine babu kowa.

Daga waje sai aka ji an tayar da babur.